Igiyar Yaya Arzika

Ranar Talata ce, ƙarshen bazara. Na fito da asuba na tarar Yaya Arzika ya riga ni. Yana zaune kan kututture a tsakar gida, igiya tule a gabansa, yana bin ta da yatsa ƙulli bayan ƙulli. Haka yake yi duk ranar da zai shiga rijiya. Ba ya yarda da ido a kan igiya, sai hannu.

Ba zan faɗi sunan garinmu ba, domin har yanzu akwai masu satar jiki su koma noma. Yana gabas da Sakkwato, tafiyar rabin wuni a mota in hanya ta yi kyau. Ga wanda bai san ƙasar hakiminmu ba, ga yadda take. Arewa tudu ne, jan yashi, wurin gero da wake. Kudu fadama ce, baƙar laka, albasa da rani, shinkafa da damina. Bayan fadama sai gulbi, wanda da bazara yake janyewa har mashiginmu ya koma iya cinya. Gabas kuma daji ne. A can muka yi kiwo muna yara, muka sha ɗinya da kanya. Yau shekaru ke nan ba mai shigarsa sai 'yan bindiga.

Rijiya biyu gare mu. Ta masallaci tana tsakiyar gari, ruwanta zartsi, sai dai alwala da wanki. Ta sha tana yamma, taki ɗari uku daga gidan ƙarshe, cikin fili fetal, da tsamiya ɗaya kusa da ita. Mahaifinmu ne ya haƙa ta. Zurfinta gaba goma sha biyu. Da can akwai matakai da ya sassaƙa a jikin bangonta, mutum ya sauka ya hau da ƙafarsa. Shekarun baya aka yi mata siminti tun daga baki har ƙasa. Muka yi murna, har da yanka akuya. Ba wanda ya yi maganar matakan da suka ɓace.

Kowace shekara kafin ruwan farko ake yashe ta. A janye ruwan har a ga ƙasa, mutum ɗaya ya shiga ya kwashe lakar da ta toshe idon ruwa. Igiya biyu ake aiki da su. Siririya ta guga, wadda ke fitar da laka. Da kakkaura mai ƙulli a kowace gaba, wadda ake ɗaurewa a gungumen da aka gitta a bakin rijiya, ana ce da ita igiyar mutum. Dokar mahaifinmu ɗaya ce, mun ji ta har mun gaji: igiyar mutum ba ta fita kafin mutum.

Bayan rasuwarsa Arzika ya gaji shiga, ni na gaji tsaron igiya. Ni tsoron zurfi nake, ban taɓa ɓoyewa ba. Abin da nake da shi baki ne da dabara. Ni ke gyara rediyo da fitila a garin, ni ke nuna wa mutane gajeriyar hanyar kowane aiki, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Kulu matar Arzika ce ta laƙaba mini Sarkin Dabara, ya bi ni. Wasan ƙanin miji ne tsakaninmu, kullum sai ta tsokane ni kafin in karya kumallo. Ran nan ma da ta miƙo mana kunu sai da ta ce, “Sarkin Dabara, riƙe min miji da kyau, in ka sake shi kai zan aura, kuma ba ka iya ciyad da ni.”

Muka yi dariya. Inna, mahaifiyarmu, tana ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ta yi murmushi. Idanunta sun yi rauni, gwiwoyinta sun daina ɗaukarta nesa. Matata kuwa tana garinsu wankan jego, don haka ba ta cikin wannan labari, kuma na gode wa Allah.

Ƙarfe shida muka isa rijiya, mu bakwai. Muka janye ruwa har bakwai da rabi. Arzika ya tuɓe riga, ya soke ɗan gajeren daginsa a ƙugu, ya yi bisimilla, ya bi igiya ya sauka. Na duba waya, ƙarfe takwas saura kwata. Aikina ne duba lokaci, don iskar ƙasa ba ta da kyau in an daɗe. Wayar ba ta da wani amfani a wurin bayan wannan, sabis sai an hau tudu.

Guga na sauka, guga na hawa. Laka ta taru tuli a gefe, baƙa, mai wari. Rana ta fara zafi. Mata biyu suka zo da tulu suka koma, aka ce su dawo da yamma.

Ƙarfe tara da minti goma muryarsa ta taso daga ƙasa.

“Ido ya buɗe!”

Muka yi hamdala. Duk ɗan garinmu ya san abin da ke biyo bayan wannan. In idon rijiyar nan ya buɗe, ruwa na kai wa mutum gwiwa da azahar, ƙirji da la'asar, kafin magariba ya shanye mai tsayi. Kafin gari ya waye ya yi gaba uku. Saura guga uku ko huɗu Arzika ya fito.

Ƙarfe tara da kwata na ji ƙara daga gabas. Na ɗauka injin niƙa ne. Sai na ji ba ɗaya ba ne. Babura ne, da yawa, ƙararsu a haɗe. Karnuka suka ɗauka. Sannan harbi, uku a jere, ɗan shiru, sai ya ɓarke ba ƙaƙƙautawa.

Mutanen da ke jan guga suka saki igiyar laka a ƙasa. Kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ban ga laifinsu ba, kowa da iyali a gida. Kafin in juya na zama ni kaɗai a bakin rijiya.

“Labbo! Mi na?” Arzika ne daga ƙasa.

“Su na!”

Jan mutum daga gaba goma sha biyu aikin ƙarti huɗu ne. Shi da kansa yana iya hawa ta ƙulle-ƙullen igiya, ya sha yi, amma sai ya ɗauki lokaci, kuma zai fito ne cikin fili tsirara, ba abin fakewa sai tsamiya ɗaya. Na hango babura biyu sun zagayo ta yamma sun tsaya a bakin gari. Nan dabara ta zo mini. Na ce a raina, duk garin nan ba wurin da ya kai cikin rijiya tsira. Abin da zai tona shi kawai igiyar nan ce da ke rataye. In sun gan ta za su leƙa. In sun leƙa za su yi harbi. Kuma mutanen nan ba sa daɗewa. A garuruwan da suka shiga kafin mu, awa ɗaya ko biyu suke yi, su kora shanu su tafi. Ruwa kuwa ya ba mu har la'asar.

Duk wannan lissafi bai ɗauke ni numfashi uku ba. Na kwance igiyar mutum daga gungume na fara ja.

“Labbo! Igiya!”

“Kak ka yi motsi! Yanzu nika dawowa!”

Bakin igiyar ya fito, jiƙe da laka. Ina naɗe ta a kafaɗa na sake jin muryarsa, a hankali wannan karon, ba faɗa a ciki.

“To. Tahi ga Inna.”

Ban sake jin muryar ɗan'uwana ba.

Na bi ta kwari a sunkuye na shiga gari ta kudu. Hayaƙi ya fara tashi daga rumbunan gabas. Ana ihu, ana kiran sunaye. Wata akuya ta bi ni da igiyarta a wuya. Daga lungun masallaci wani yana ta faɗi da ƙarfi, “Ku kwanta! Ku kwanta!” Sannan harbi biyu.

Na tarar Kulu ta goya jaririnta, ta riƙe hannun 'yarta, tana ƙoƙarin tayar da Inna. Ta dube ni, ta dubi bayana. Na ce Arzika yana wurin da ba mai ganinsa. Ba lokacin tambaya. Na durƙusa, Kulu ta ɗora mini Inna a baya. Hannuwan Inna ba sa iya riƙo, tana zamewa. Na sauke igiyar daga kafaɗa, Kulu ta naɗa mana ita zagaye huɗu, ta ƙulle a cikina. Muka fita ta kafar dangar baya. Ƙarfe goma saura ashirin.

Fadama da bazara ba wurin gudu ba ce. An cire albasa, laka ta bushe ta tsattsage, ƙafa na faɗawa cikin tsaga. Mutane sun bazu a cikinta, wasu da tabarma, wasu da tukunya, wata mata da kaza a hammata. Numfashi kawai kake ji, da kukan jarirai, da harbin da ke bayanmu. Wani tsoho ya zauna gindin rumfar ajiyar albasa ya ce shi ya iso inda za shi. Muka wuce shi.

Muna tsakiyar fadama na ji yatsun Inna suna lalubar igiyar da ke ƙirjina. Suka tsaya a kan ƙulli. Suka matsa, suka sami wani. Matar mai haƙar rijiya ce shekara arba'in. Mijinta ne ya yi ƙullin nan.

“Labbo,” ta ce a kunnena, “wagga igiyar mutum ta. Ina mutumin?”

Na ƙara sauri.

“Sabke ni nan. Koma ka mai da ta.”

Na waiwaya. Babura uku sun sauko bakin fadama, suna harbi sama, suna dariya. Tsamiyar rijiya tana can yamma, ina ganin kanta. Tsakanina da ita fili ne, ba ko kara. Na juya na ci gaba da tafiya. Inna ta riƙa dukan kafaɗata da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Daga baya ta daina. Na ji wuyan rigata ya jiƙe.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka shiga gulbi. Ruwa iya cinya, yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafa. Da muka haura na tsaya na dubi baya. Hayaƙi ya rufe tudu. Na ce wa kaina, yanzu ruwa bai wuce idon sawunsa ba.

Garin kasuwa da ke hayin gulbi tafiyar awa biyu ce da kaya irin nawa. Muka isa ana kiran azahar. Na ce, gwiwa. Aka buɗe mana makarantar firamare. Na kwance Inna a aji, na shimfiɗa ta kan benci. Kulu ta ga igiyar a hannuna sosai a karon farko, da laka a bakinta. Ta dube ta, ta dube ni. Ta zauna a ƙasa ta ba jaririn nono.

Ban zauna ba. Na naɗe igiyar na juya da gudu. Ina tafe ina sauraron ƙarar babura masu komawa daji. Ban ji ba.

Na iso mashigi da la'asar. Ƙirji. A ɗaya hayin, gindin giginya, mutum biyu ne zaune da bindigogi a cinya, suna cin wani abu a kwano. Kwanon garinmu ne. Na shiga ruwa duk da haka. Taki huɗu na yi. Harsashi ya tsaga ruwa a gabana.

“Koma!”

Na koma. Na bi gaɓa na gangara ƙasa ko zan sami wani wurin haurawa. Can ruwa mai zurfi ne, ni kuma ɗan tudu ne, ban iya iyo ba. Arzika ma bai iya ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana aiki cikin rijiya, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa ba.

Na kwanta cikin ciyawar bakin gulbi ina kallon rana tana sauka. Ban taɓa ƙin faɗuwar rana irin na ran nan ba. Na roƙi Allah Ya toshe idon rijiyar. Na roƙe Shi Ya sa Arzika ya yi aikin banza sau ɗaya a rayuwarsa. Daga garin kasuwa a bayana aka kira magariba. Daga garinmu ba a kira ba.

Ba su tafi ran nan ba. Ba su tafi Laraba ba. Wannan karon zama suka zo yi, suna kwashe rumbu ɗaya bayan ɗaya. Laraba na sake komawa mashigi, suna nan. Na je wurin masu kaki, suka ce ba su da yawa, a jira ƙari. Alhamis mutanenmu suka riƙe ni, suka ce kada in ƙara wa Inna wata gawa. Na daina cin abinci. Ruwa kuwa in an miƙo mini a moɗa sai in kasa kallonsa.

Juma'a da hantsi wani mai kamun kifi ya kawo labari sun tashi. Muka haura, mu goma sha biyu. Tsohon nan yana gindin rumfar albasa, da ransa. Cikin gari toka ce da ƙuda. Gawa takwas muka tarar, duk na san su, biyu daga cikinsu tare muka ja guga ran Talata. Na bar mutane suna haƙa kabari, na roƙi huɗu su biyo ni.

Komai yana yadda muka bar shi. Guga a kife. Igiyar laka a miƙe a ƙasa. Rigar Arzika rataye a reshen tsamiya. Tulin laka ya bushe, da sawunmu a jikinsa. Na zagaya rijiyar sau biyu ina duba ƙasa. Ba sawun taya ko ɗaya. Ba sawun baƙon takalmi. Kwana uku suka yi suna shan zartsin masallaci, ba wanda ya tako nan. Sai a lokacin kuma na ga abin da ko makaho zai gane: tulin laka ɗanya, da guga, da riga a reshe. Da sun zo, ko da igiya ko babu, sun san da mutum a ciki. Ba abin da na ɓoye. Hanyar fitarsa kawai na ɗauke.

Na ɗaura igiyar mutum a gungume, na sauka. Ita ce shigata rijiya ta farko. Ruwa ya yi gaba uku cif, yadda bai yi ba shekara da shekaru. Arzika ya yi aikinsa da kyau. Yana saman ruwan, fuskarsa ƙasa.

Ina ƙoƙarin juya shi ƙafata ta faɗa wani rami a jikin siminti, inda na san babu rami. Na ce a sassauta igiya. Na riƙe numfashi na nutsa, na bi bangon da hannu. Matakai ne. Ya sassaƙa su da dagi, ɗaya bisa ɗaya, irin na mahaifinmu. Bakwai na ƙirga. Na takwas an fara shi, ba a gama ba.

Na sa aka jefo mini igiyar laka na riƙe. Shi na ɗaura masa igiyar mutum. Wannan karon tare suka fita.

Muka binne tara kafin la'asar. Ba wanda ya kwana a garin.

Bayan mako guda muka hau motar albasa zuwa Sakkwato. Wani Alhaji mai sayen hatsi, wanda ya saba awon gero a wurinmu, ya ba mu kangonsa a Dundaye. Ɗaki biyu, ba ƙofa, muka rataya buhu. Matata ta iso mu daga baya. Ina tura kurar ruwa yanzu, jarka goma, daga famfon burtsatse zuwa gidaje. Ruwan birni ba ya buƙatar igiya, murɗawa ake yi ya zubo. Mutanen nan suna da kirki. Sai dai suna yawan cewa dabara ta rage ga mai shiga rijiya, a kan ciniki ko siyasa, suna dariya. In na ji sai in tura kurata in yi gaba.

Da masu rubuta sunayen 'yan gudun hijira suka zo, suka tambaye ni mutum nawa aka kashe a garinmu. Na ce tara. Suka ce duka harbi? Na ce takwas. Mai rubutun ya jira in ƙarasa. Da ya ga ban ƙarasa ba sai ya rubuta tara ya wuce.

Kulu ba ta taɓa zagina ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Tana gaishe ni kowace safiya, a durƙushe, tana ce mini Malam Labbo. Tun ran nan ba ta sake tsokanata ba, kuma ba wanda ya sake kirana da wancan suna.

Igiyar tana wurin Inna. Ta hana a yi shanya da ita, ta hana a ɗaure komai. Kowace safiya bayan ta idar da salla takan jawo ta daga ƙarƙashin tabarma ta ɗora a cinya, ta bi ta da yatsa ƙulli bayan ƙulli. Ina jin ta daga ɗakina tana ƙirgawa a hankali. A na goma sha biyu take tsayawa. Ƙullin goma sha biyar ne. Igiyar ta isa, har da saura gaba uku.